Maki 790 da ba wanda ya duba: nazarin shari'ar Patco da Ocean Bank a jihar Maine

Ranar Alhamis, 7 ga Mayu, 2009, wani umarnin biya ya shiga na'urar Ocean Bank, bankin da ke kudancin jihar Maine ta Amurka. Umarnin ya ce a cire dala 56,594 daga asusun Patco, wani kamfanin gine-gine da ke garin Sanford, a rarraba su zuwa asusun wasu mutane. Wanda ya aiko shi ya shigar da lambar shaida daidai, ya shigar da kalmar sirri daidai, aka yi masa tambayoyin sirri ya amsa ba kuskure. Banki ya biya.

Washegari Juma'a aka sake cire dala 115,620.26. Litinin 99,068, Talata 91,959, Laraba 113,647. Sai da yammacin wannan Larabar, bayan an tashi daga aiki, ɗaya daga cikin masu kamfanin ya tarar da wasiƙar banki a gidansa, wadda ta zo ta gidan waya, tana shaida masa cewa wani ɓangare na kuɗin da aka tura ya dawo saboda lambobin asusun da aka rubuta ba su yi daidai ba. Ta haka ya san ana kwasar dukiyarsu. Da gari ya waye ya kira banki ya ce ba su ba ne. A wannan ranar ma, 14 ga wata, umarni na shida na dala 111,963 ya shiga, kuma aka fara aiwatar da shi kafin a tare.

Jimillar abin da aka nemi fitarwa dala 588,851.26 ce. Banki ya tsayar ko ya dawo da 243,406.83. Ragowar 345,444.43 ta tafi ke nan. Abin da ya ƙara wa Patco zafi shi ne kuɗin da ke cikin asusunsa bai kai adadin da aka cira ba, sai banki ya cike giɓin daga rancen da ya buɗe wa kamfanin, fiye da dala dubu 200, yana kuma lissafa masa ruwa a kai. An yi maka sata, sannan kuma ka wayi gari da bashin abin da aka sace.

Patco ya ce banki ya maido masa da kuɗinsa. Banki ya ce ba ruwansa, da kalmar sirrinku aka shigo. A watan Satumba na 2009 aka tafi kotu.

Dokar da ta hau kan maganar

Mutum zai zaci a ƙasa irin Amurka dokar tarayya ce ke yanke irin wannan rigima. Ba haka ba ne. Harkar cek da tura kuɗi tsakanin 'yan kasuwa da bankunansu, akasarinta a hannun jihohi take. Akwai wani kundin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da ake kira UCC, wanda masana shari'a suka tsara a matsayin samfuri, kowace majalisar jiha ta ɗauka ta mai da shi dokarta. Babi na 3 ya shafi takardun kuɗi irin su cek, babi na 4 ya shafi ajiya da karɓar cek a banki, shi kuwa babi na 4A, wanda aka kammala a 1989 kuma duk jihohi 50 suka karɓa, shi ne na umarnin biya da tura kuɗi ta na'ura. A kundin jihar Maine sassansa na ɗauke da lambobi irin su 4-1202 da 4-1203. Ko da yake a kotunan tarayya aka saurari ƙarar Patco, da dokar Maine alƙalan suka yi aiki.

Da a ce asusun na mutum ne kawai, na cefanen gidansa da albashinsa, da maganar ba ta yi tsawo ba. Dokar tarayya ta 1978 kan tura kuɗi ta na'ura ta taƙaita asarar mai irin wannan asusu, har ta kan tsaya a dala 50 in ya kai rahoto da wuri. Amma wannan kariya ba ta shafi kamfani ba, komai ƙanƙantarsa. Mai shagon da ke da ma'aikata biyar da babban kamfanin mai, a gaban babi na 4A duk 'yan kasuwa ne.

Da kuma a ce cek ne aka ƙirƙiri sa hannun Patco a kai, nan ma da sauƙi. Tsohuwar ƙa'ida ita ce banki ba ya taɓa kuɗin mai asusu sai da izininsa, kuma cek mai sa hannun jabu ba izini ba ne. Asarar tana kan bankin da ya biya, sai fa idan sakacin mai asusun ne ya buɗe ƙofa, ko kuma an aika masa takardar bayanin asusu ya ƙi dubawa har lokaci ya ƙure. Hikimar a fili take: banki na riƙe da samfurin sa hannunka, shi ne ke da damar kwatantawa.

To, a umarnin da ya zo ta intanet babu sa hannun da za a ɗaga a duba. Shi ya sa masu tsara babi na 4A suka sa wani abu a gurbinsa, wato tsarin tsaro da banki da mai asusu suka yarda da shi. Asali dai banki ne ke ɗaukar asarar duk umarnin da mai asusu bai ba da izininsa ba, kuma wajibi ne ya maido da kuɗin. Amma sashe na 202 na wannan babi, wato 4-1202 a kundin Maine, ya ba banki hanyar juya asarar kan mai asusu, in ya cika sharuɗɗa: akwai tsarin tsaro da aka amince da shi, tsarin ya dace a ma'aunin kasuwanci, kuma banki ya tabbatar wa kotu cewa ya bi tsarin, ya karɓi umarnin da kyakkyawar niyya. Idan waɗannan suka cika, umarnin ɓarawo ya zama kamar naka a idon doka. Mafita ɗaya ta rage maka a sashe na 203: ka tabbatar cewa ɓarawon ba daga cikin mutanenka ya fito ba, kuma ba daga wani wuri da ke hannunka ya samo bayanan sirrin ba. Wanda aka dasa wa manhajar leƙen asiri a kwamfutar ofishinsa, wannan ƙofa a rufe take gare shi.

Saboda haka duk shari'ar ta dawo kan tambaya guda: tsaron Ocean Bank ya dace ko bai dace ba? Doka ta ce wannan hukunci na alƙali ne, ba na masu taya alƙali yanke hukunci ba, kuma ta faɗi abin da zai duba. Zai duba abin da mai asusu ya nuna yana so, da halin da banki ya san shi a ciki, musamman girman kuɗin da ya saba turawa da irinsu da yawan lokutan da yake turawa. Zai duba waɗanne hanyoyin tsaro aka yi masa tayi, da kuma abin da bankuna da abokan hulɗa masu kama da su suke amfani da shi.

Abin da banki ya mallaka, da abin da ya yi da shi

Ba za a ce Ocean Bank ya zauna ba tsaro ba. Ya sayi tsarin bankin intanet na NetTeller daga kamfanin Jack Henry & Associates, daga baya kuma da ya zo zaɓar tsarin tantance masu shiga, mai tsadar ya zaɓa. Ya yi wannan zaɓi ne bayan majalisar hukumomin da ke sa ido kan bankunan Amurka, FFIEC, ta fitar da jagora a watan Oktoba na 2005 tana cewa kalmar sirri kaɗai ba ta wadatar ba a hada-hada mai haɗari. A cikin tsarin akwai lambar shaida da kalmar sirri ta kamfani da ta kowane ma'aikaci. Akwai wata alama da ake ajiyewa a kwamfutar mai asusu don a gane ta idan ta dawo. Akwai tambayoyin sirri guda uku da ma'aikaci ya zaɓa da kansa. Sannan akwai abin da ya fi duka muhimmanci, wata manhaja mai auna haɗari, wadda ke lura da ɗabi'ar mai asusu, daga ina yake shiga, yaushe, nawa yake turawa, wa yake tura wa, ta kuma ba kowace hada-hada maki daga 0 zuwa 1,000. Duk abin da ya haura 750, mai haɗari ne ƙwarai.

Ɗabi'ar Patco kuwa ba ta da wuyar ganewa. Tun 2003 yake amfani da bankin intanet, kuma akasari don biyan albashin mako ne. Ranar Juma'a ake biya, daga kwamfutocin ofishinsu na Sanford, daga adireshin intanet guda wanda ba ya canzawa. Mafi girman abin da suka taɓa turawa a lokaci ɗaya dala 36,634.74 ne. Makin da hada-hadarsu ta saba samu yana tsakanin 10 da 214.

A ɗora umarnin 7 ga Mayu a kan wannan. Ranar Alhamis ce. Kwamfutar baƙuwa ce, adireshin intanet ɗin ba a taɓa ganinsa ba. Kuɗin sun zarce duk abin da Patco ya taɓa turawa, kuma za su shiga asusun mutanen da bai taɓa biyansu ko sisi ba. Manhajar ta yi aikinta, ta ba shi maki 790. Waɗanda suka biyo baya su ma sun fito da maki masu nisa da abin da aka saba. Babu wani ma'aikacin banki da aka ɗora wa duba wannan rahoto. Ba wanda ya ɗaga waya ya tambayi Patco ko ku ne. Kare ya yi ta haushi a bakin ƙofa kwana bakwai, mai gida bai leƙo ba ko sau ɗaya.

Akwai kuma wata shawara da banki ya yanke tun kafin nan, wadda a ganina ita ce zuciyar shari'ar. Tsarin ya ba banki damar sa iyaka: duk wanda zai tura kuɗin da ya haura kaza, a yi masa tambayoyin sirri. Da farko iyakar dala 100,000 ce. A watan Yuni na 2008 sai banki ya sauke ta zuwa dala 1. A ido, wannan ƙarin tsaro ne, tunda yanzu ba abin da zai wuce sai an amsa tambaya, kuma haka bankin ya kare kansa, ya ce ƙananan sace-sace yake son toshewa.

Amma a duba abin da hakan ya jawo wa kamfani irin Patco. A da, ma'aikacin da ke biyan albashi ba zai ga tambayar sirri ba sai in wani abu ya saɓa wa al'ada, tunda kuɗinsu ba sa kusantar dala 100,000. Yanzu kuwa duk Juma'a sai ya buga amsoshin da yatsunsa. A lokacin kuma an san akwai manhajojin ɓarayi, irin su Zeus, masu laɓewa cikin kwamfuta suna naɗe duk abin da aka buga a allon rubutu suna aika wa masu su. Amsar da ake bugawa sau ɗaya a shekara tana da wuyar kamawa. Wadda ake bugawa kowane mako kuwa, duk ranar da manhajar ta shiga, ba za ta jira fiye da kwana bakwai ba. Ta haka tambayoyin sirri suka koma kalmar sirri ta biyu, wadda ake sacewa tare da ta farko.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. A yadda aka gina tsarin, abin da maki mai yawa ke jawowa shi ne a yi wa mutum tambayoyin sirri. To, tunda yanzu kowa ake wa tambayoyin, mai maki 10 da mai maki 790 abu ɗaya suke fuskanta. Manhajar auna haɗarin na nan tana lissafi, amma lissafin ba ya canza komai.

Kotu biyu, hukunci biyu

A kotun farko banki ne ya yi nasara. A 2011 ƙaramin alƙalin da ya nazarci takardun ya ba da shawarar a yanke wa banki gaskiya ba tare da an yi cikakken zama ba, alƙalin kotun gundumar tarayya ta Maine kuma ya amince. Hujjarsu ita ce doka ba ta ce sai tsaron da ya fi kowane kyau ba, mai dacewa kawai ta nema, kuma na Ocean Bank yana da matakai fiye da ɗaya kamar yadda jagorar 2005 ta buƙata. Wannan ba maganar banza ba ce. Masu tsara babi na 4A da kansu sun bayyana cewa ba a cewa tsari bai dace ba don kawai akwai wani da zai fi shi kyau.

Patco ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta ɗaya, mai zama a Boston. Ranar 3 ga Yuli, 2012, babbar alƙaliyar kotun, Sandra Lynch, ta rubuta hukuncin da ya rushe na farko. Kotun ta ce tsarin bai dace a ma'aunin kasuwanci ba, kuma ta yi taka-tsantsan wajen nuna cewa ba kuskure guda ta kama ba, taruwar kurakuran ce. Sauke iyaka zuwa dala 1 ya ƙara haɗari ga masu tura kuɗi a kai a kai. Yin hakan ga kowa da kowa ba tare da duba halin kowane mai asusu ba ya saɓa wa abin da doka ta ce a duba. Bayan an ƙara haɗarin kuma ba a kawo wani abu da zai rage shi ba, alhali akwai hanyoyi a kasuwa da wasu bankuna ke amfani da su: 'yar na'urar hannu mai fitar da lambar da ke canzawa, tabbatarwa ta wata hanya daban kamar kiran waya, ko kuma a sa mutum ya riƙa duba hada-hadar da ta fito da maki mai yawa kafin a sake ta. Kotun ta kuma lura cewa bankin ba baƙo ba ne ga labarin manhajojin da ke naɗe rubutu, ya san da su kafin abin ya faɗa wa Patco.

Ina tare da wannan hukunci, kuma dalilina bai wuce maki 790 ɗin nan ba. Da a ce banki bai da wata hanyar sanin ɗabi'ar Patco, da sai a ce kowa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙaddara ta faɗa. Amma bankin ya biya kuɗi ya sayi sanin, sanin ya zo masa a rubuce tun ranar farko, lokacin da abin da ya fita bai kai dala dubu 57 ba. Kiran waya ɗaya ranar Alhamis da ya tsare fiye da dala rabin miliyan da aka nema daga baya. Dokar da ta ce a duba girma da iri da yawan abin da mai asusu ya saba turawa ba za ta gamsu da bankin da ya tara wannan bayani ya ajiye ba. Kotun farko ta ƙirga matakan tsaron ta ga suna da yawa. Kotu ta biyu ta tambayi yadda suke aiki tare a kan wannan mai asusun, kuma wannan ce tambayar da sashe na 202 ya yi.

Sai dai kada a ɗauka Patco ya fita fes. Bayan an gano satar, kamfanin ya kira mai gyaran kwamfuta, shi kuma ya saka manhajar kashe ƙwayoyin cuta. An ga ɓurɓushin Zeus, amma a garin sharewa an goge abin da masu bincike za su buɗe su tabbatar ko da shi aka saci bayanan. Banki ya ce ya gargaɗe su su cire kwamfutocin daga intanet su bar su yadda suke har masana su zo, Patco kuma ya musanta yadda aka ba da labarin. An kuma yi jayayya kan saƙon gargaɗi ta imel: banki ya ce ya samar da shi Patco bai kunna ba, Patco ya ce ba a sanar da shi yadda ya kamata ba. Saboda irin waɗannan ne kotun ɗaukaka ƙara ba ta ce a biya Patco kai tsaye ba. Ta mai da ƙarar kotun ƙasa, ta bar tambaya a buɗe: idan tsaron banki bai dace ba, akwai wani nauyi da ya rage a kan ɗan kasuwa mai asusu, kuma ina iyakarsa?

Wasu shari'o'i biyu na wannan zamanin sun nuna cewa ba kullum mai asusu ke nasara ba, kuma ba ta hanya ɗaya ake yinta ba. A jihar Michigan, kamfanin Experi-Metal ya ci Comerica Bank a 2011, bayan wani ma'aikacinsa ya faɗa tarkon imel na yaudara a watan Janairun 2009 aka tura kuɗi sau 93 cikin 'yan sa'o'i, aka yi asarar kusan dala 560,000. A can ba dacewar tsaro ce ta kayar da banki ba, kasa tabbatar da kyakkyawar niyya ne, domin alƙali ya ga cewa bankin da ke mu'amala ta adalci da ya farga da wuri. A shari'ar Choice Escrow da BancorpSouth kuwa, wadda aka yanke da dokar jihar Mississippi, banki ne ya yi nasara a 2014. An sace dala 440,000 zuwa wani asusu a tsibirin Cyprus, amma banki ya nuna cewa ya yi wa kamfanin tayin tsarin da sai mutum biyu sun amince kafin kuɗi su fita, kamfanin ya ƙi a rubuce don yana ganin zai takura masa. Sashe na 202 ya riga ya ce wanda aka yi wa tayin tsaro mai dacewa ya ƙi, ya zaɓi mai sauƙi ya sa hannu, asarar tasa ce.

Abin da ke damuna, ko bayan nasarar Patco, shi ne tsawon hanyar. An rubuta babi na 4A ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da masu tura kuɗi ta waya manyan kamfanoni ne masu lauyoyi da sashen kuɗi, waɗanda za su iya zama da banki su yi ciniki kan tsarin tsaro. Zuwa 2009 dokar nan ta hau kan ɗan kwangilar gini da ke biyan leburorinsa ranar Juma'a, wanda bai zaɓi tsarin ba, bai san an sauke iyaka zuwa dala 1 ba balle ya san ma'anarta, yarjejeniyar da ya sa wa hannu kuma banki ne ya rubuta ta. Patco ya iya ɗaukar lauyoyi sama da shekara uku har Boston. Ƙaramin kamfanin da aka kwashe kuɗin albashinsa ba lallai ya kai ƙarshen wata ba, balle ƙarshen shari'a.

A watan Yuni na 2011, ana tsakiyar wannan ƙara, FFIEC ta fitar da ƙarin jagora. Ta ce a daina dogaro da tambayoyin sirri masu sauƙi da alamar gane kwamfuta mai sauƙi a matsayin babban tsaro, ta kuma nemi bankuna su kasance da hanyar gano hada-hadar da ta saɓa wa al'ada da kuma ɗaukar mataki a kanta.

A ƙarshen hukuncinta, kotun Boston ta shawarci ɓangarorin biyu su duba ko ba zai fi musu ba su kashe ƙarfinsu wajen sasantawa. Sun ji shawarar. A watan Nuwamba na 2012 People's United Bank na jihar Connecticut, wanda Ocean Bank ya riga ya zama reshensa, ya amince ya biya Patco dala 345,000 ɗin da ya rasa tare da ruwa na kusan dala 45,000. Da wannan sulhu aka rufe ƙarar, kuma tambayar da kotun ta bari game da nauyin da ke kan mai asusu ba a amsa ta a wannan shari'a ba.